Bindiga, kare da tabar siga: Yadda abokai ke shirya fita farauta a Amurka, da haɗurran da ke tattare da ita

Duk shekara idan Asabar ta uku ga watan Oktoba ta gabato, filin jirgin saman Sioux Falls da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka yakan sauya kama. Maza ne ke sauka rukuni-rukuni, kowa da hula ruwan lemo, suna dakon dogayen akwatunan bindiga a wurin karɓar kaya, wasu kuma har da karnuka a cikin keji. A wannan Asabar ɗin ce ake buɗe wa baƙi farautar fezan, wani tsuntsu mai doguwar jela wanda ya ɗara fakara girma, yake kuma kusantar zabo.

A cikin masu saukar akwai wani rukuni da bindiga ba ita ce ta fara haɗa su ba. Taba ce. Mashaya tabar siga ne, wato ganyen taba zalla da ake naɗewa da hannu, mai kauri, babu takarda kuma babu auduga irin ta sigari. Sun saba haɗuwa a shagunan sayar da ita, inda ake tanadar kujerun zama, kuma da yake kara ɗaya yakan ɗauki awa guda ko fiye kafin ya ƙare, hira takan yi tsawo. Daga irin wannan hira ne wani zai ce ya kamata a fita farauta tare idan kaka ta yi. Faɗar haka ba ta da wuya. Wanda aka ɗora wa shirya tafiyar shi ne zai gane cewa tara mutum goma ko goma sha biyu, kowa da bindiga, a gonar da ba tasu ba, aiki ne da ya shafi kuɗi da doka da rai, wani lokaci ma har da mutuncin kujerar da mutum ke kai.

Yadda taba ta zama ƙungiya

Tabar siga ta daɗe tana tafiya da masu mulki a Amurka. Pierre Salinger, kakakin Shugaba John Kennedy, ya ba da labarin cewa a watan Fabrairun 1962 shugaban ya umarce shi ya nemo masa tabar Kyuba mai yawa cikin dare guda. Washegari da ya shaida masa cewa ya samo kara 1,200, sai Kennedy ya sa hannu a kan takardar takunkumin kasuwanci da ƙasar ta Kyuba. Wannan takunkumi yana nan har yau. An ɗan sassauta wa matafiya a zamanin Obama, amma a watan Satumbar 2020 aka sake haramta musu shigo da tabar Kyuba. Shi ya sa mafi yawan abin da Amurkawa ke sha yake fitowa daga garin Estelí na Nikaraguwa, da Santiago na Jamhuriyar Dominika, da kuma Danlí na Honduras, inda wasu iyalan da suka baro Kyuba suka kafa gonaki da masana'antu.

A shekarun 1990 sha'awar wannan taba ta sake tashi, musamman bayan fitowar mujallar Cigar Aficionado a 1992. Shaguna suka yawaita, aka riƙa shirya liyafar dare domin mashaya. Daga baya, da jihohi suka shiga hana shan taba a ofisoshi da gidajen abinci, sai wuraren da suka rage wa mashayan suka ƙaranta, su kuma suka ƙara manne wa juna. Ita kanta Dakota ta Kudu, masu zaɓe sun amince a 2010 da faɗaɗa haramcin zuwa mashaya da gidajen abinci. Masaukin mafarauta da ke can cikin karkara, mai baranda da wurin hura wuta a waje, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da mutum zai zauna awa biyu da tabarsa ba tare da ya takura wa kowa ba.

Dalilin zaɓen Dakota

Fezan ba ɗan asalin Amurka ba ne. Daga ƙasar Sin aka kawo shi. Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, shi ne ya aika da tsuntsayen zuwa jihar Oregon a farkon shekarun 1880, suka kuma hayayyafa. A 1908 aka saki 'yan ƙalilan kusa da garin Redfield na Dakota ta Kudu, inda gonakin masara da faffaɗan filayen ciyawa suka karɓe su. A 1943 jihar ta ɗauke shi a matsayin tsuntsunta na alama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, matan garin Aberdeen sun yi suna wajen ciyar da sojojin da ke wucewa ta tashar jirgin ƙasa da burodi mai naman fezan. A 'yan shekarun nan, abin da ake harbewa a jihar yakan haura miliyan ɗaya a kaka guda, alhali mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba.

Wannan yawa yana da tushe a doka da kuɗi. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ta ware harajin kashi 11 cikin 100 da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai domin jihohi su kula da namun daji. A 1985 kuma gwamnatin tarayya ta fito da shirin biyan manoma su bar wani ɓangare na gonakinsu cikin ciyawa, abin da ya ba tsuntsayen wurin saka ƙwai da maɓoya lokacin sanyi. Saboda haka ƙa'idojin farautar suke da tsauri. Zakara kawai ake harbi, kazar kuwa haramun ce, domin zakara ɗaya yana isar kaji da dama. Mutum ɗaya zakaru uku ne iyakarsa a rana. Ba a fara harbi sai ƙarfe 10 na safe, a kuma tsaya da faɗuwar rana. Ana rufe kakar a ƙarshen watan Janairu.

Aikin mai shiri

A irin waɗannan ƙungiyoyi, nauyin yakan faɗa a kan mutum ɗaya, kuma galibi ba biyansa ake yi ba. Abu na farko da ke gabansa shi ne rana. Makon buɗewa ya fi armashi, amma ya fi cunkoso da tsada, ga shi sau da yawa ba a gama girbe masara ba, tsuntsayen sai su shige cikin gonakin da ba a taɓa ba. Watan Disamba ya fi sauƙin samun masauki, sai dai sanyi yakan sauka ƙasa da ma'aunin daskarewa, iska na kaɗawa, tsuntsayen da suka rage kuma sun yi wayo, tun daga nesa suke tashi. Masaukai masu suna kan cika watanni da dama kafin kaka, don haka wanda ya bari sai damina ta yi nisa ya fara nema, abin da wasu suka ƙi shi zai samu.

Na biyu shi ne wuri. Akwai filayen gwamnati da kuma gonakin da jiha ke hayarsu daga manoma domin kowa ya shiga, waɗannan lasisi kawai suke buƙata, amma dole ƙungiya ta zo da karnukanta, ta kuma san hanya. Akwai manoman da ke karɓar kuɗi su bar baƙi su shiga gonarsu. Sai kuma manyan masaukai masu ɗan jagora da karnuka da mai dafa abinci, waɗanda wasunsu ke da lasisin sakin tsuntsayen da aka kiwata, kakarsu kuma takan faro tun 1 ga Satumba har zuwa 31 ga Maris. Ƙungiyar da rabinta sababbin shiga ne ta fi dacewa da na ƙarshen, sai dai kuɗinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A nan ne ake fara samun saɓani. Mashaya tabar siga ba aljihunsu ɗaya ba: a shago ɗaya za ka tarar da lauya da ɗan kwangila da ma'aikacin gwamnati da mai ritaya. Abin da wani ke gani araha, albashin wani ne na wata. Masauki kuma yana neman kafin alƙalami, wanda sau da yawa ba ya dawowa. Idan mai shiri ya yi kara ya biya daga aljihunsa da zummar za a mayar masa, mutum biyu suka janye ana saura mako uku, to ko dai ya haɗiye asarar, ko ya bi abokai da neman bashi. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan rubuta sharuɗɗa tun farko: ranar ƙarshe ta biyan kaso, abin da zai faru idan mutum ya fasa, da wanda ke da alhakin nemo madadinsa. Sukan kuma fayyace abin da kuɗin bai ƙunsa ba, kamar tikitin jirgi da hayar mota da lasisi da harsasai da tukuicin ɗan jagora da ladan masu fige tsuntsaye. Abota da yawa ta yi tsami a kan tukuicin da wani ya ɗauka yana cikin kuɗin da ya riga ya biya.

Takardu da jirgi

Kowane mafarauci shi zai sayi lasisinsa da sunansa, babu mai saya wa ƙungiya a dunƙule. Lasisin baƙo a Dakota ta Kudu na kwana goma ne, an raba shi gida biyu, kwana biyar-biyar, kuma tun 2020 ana haɗawa da wani ƙaramin kuɗi na kula da muhallin namun daji. A mafi yawan filayen gwamnati an hana harsashi mai ƙwayoyin dalma, sai na ƙarfe ko makamancinsa, saboda gubar da dalma ke bari a ƙasa da ruwa. Idan za a tafi da nama gida, tilas a bar kai ko ƙafa ko fiffike mai gashi a jikin kowane tsuntsu, domin jami'in gandun daji ya iya tabbatar da cewa zakara ne.

Shiga jirgi da bindiga halal ne a cikin Amurka, amma da sharaɗi. Dole ta kasance babu harsashi a cikinta, a cikin akwati mai tauri da aka kulle, a kuma sanar da ma'aikacin kamfanin jirgi lokacin ba da kaya. Kamfanoni da dama sun ƙayyade harsasai a kilo 5. Abin da ya fi kama mashaya kuwa ba bindigar ba ce. Laita mai feshin wuta, wadda suka fi so domin iska ba ta kashe ta, an hana ta a jakar hannu da kuma kayan da ake sakawa a cikin jirgi. Mai shiri da ya san aikinsa yakan sa a saya a can, ko waɗanda za su je da mota su tafi da ita.

Ga ɗan Najeriya da ke Amurka da bizar ziyara ko ta karatu, akwai wata doka da ya kamata ya sani kafin ya amsa irin wannan gayyata. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, ko da na aro ne, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ke da ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Ma'ana, a fara sayen lasisi kafin a taɓa bindiga, ko da gwaji ne a bayan masauki.

A cikin gona

Farautar fezan ta taro tana da tsari. Wasu sukan jeru a layi ɗaya su ratsa gona a hankali, karnuka na gaba suna shinshina. Wasu kuma sukan tsaya a ƙarshen gonar su tare hanya, domin fezan ya fi son gudu a ƙasa da tashi, sai ya ga an rutsa shi yake fallewa sama da ƙara. Wannan tsari yana nufin cewa a ƙarshen kowace gona, mutane biyu ko fiye masu bindiga suna fuskantar juna, tsuntsu kuma yana tashi a tsakaninsu.

Daga nan ƙa'idojin suka samo asali. Ba a harbin tsuntsun da ya tashi ƙasa-ƙasa, sai an ga sarari a ƙarƙashinsa. Ba a harbin wanda ke gudu a ƙasa, saboda karnuka. Babu mai wuce layi ko ya tsaya a baya ba tare da ya sanar ba. Idan kaza ta tashi, duk wanda ya fara gani zai ɗaga murya ya faɗa. Kowa da riga da hula ruwan lemo, da tabarau mai kare ido. Giya kuwa sai an mayar da bindigogi cikin akwati. Mai shiri nagari yakan tambayi kowa tun kafin tafiya ko ya taɓa farauta, ya sa sabon shiga kusa da ɗan jagora, ya kuma yarda ɗan jagora ya fitar da duk wanda ya karya ƙa'ida daga gona, ko da shi ne ya fi kowa kuɗi ko muƙami. Wannan shi ne mafi wuya, domin a shagon taba kowa yakan ce ya iya harbi.

Wanda yake ganin an cika tsanani, sai ya tuna da ranar 11 ga Fabrairun 2006. A ranar, Mataimakin Shugaban Amurka Dick Cheney, wanda ya shafe shekaru yana farauta, yana harbin salwa a wata gona a jihar Texas tare da abokai. Ɗaya daga cikinsu, lauya Harry Whittington mai shekara 78, ya tsaya ɗauko tsuntsun da ya harbo, sannan ya biyo sahu daga baya. Cheney ya juya yana bin wani tsuntsu da bakin bindiga, ya harba, ƙwayoyin suka samu Whittington a fuska da wuya da ƙirji daga tazarar kimanin yadi 30. Ɗaya ta kai kusa da zuciyarsa har ta jawo masa ɗan bugun zuciya a asibiti. Ya rayu, amma maganar ba ta tsaya a nan ba. Sai washegari jama'a suka ji labari, kuma daga bakin mai gonar, wadda ta kira wata jaridar garin Corpus Christi, abin da ya jawo wa fadar White House kwanaki na tambayoyi. Bincike ya kuma gano cewa lasisin Cheney babu wani kan sarki na dala 7 da jihar ke buƙata domin harbin irin wannan tsuntsu. Duk hadimin da ya taɓa shirya wa maigidansa tafiya ya san wanda ake kallo idan irin wannan ta faru.

Da dare

Bayan an koma masauki an ci abinci ne taba ke fitowa. Al'adar ita ce kowa ya zo da nasa, ya kuma zo da na kyauta. Wasu ƙungiyoyi kan tara duka a akwati ɗaya kowa ya zaɓa. Tabar siga tana son danshi kimanin kashi 70 cikin 100, iskar Dakota ta hunturu kuwa busasshiya ce, tana fasa ganyen waje cikin 'yan kwanaki. Don haka ake tafiya da ƙaramin akwati mai riƙe danshi. A cikin gona kuma manoma ba sa wasa da maganar wuta. Ciyawar kaka ta bushe ƙayau, iska tana da ƙarfi, guntun taba ɗaya ya isa ya cinye gona. Baƙon da ya jefar da guntu a ciyawa zai iya jawo wa ƙungiyarsa duka a rufe mata ƙofa baɗi.

Akwai kuma abin da hirar baranda ba ta cika taɓowa ba. Da yawa daga mashayan sun ɗauka cewa tunda ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, sun tsira. Cibiyar binciken cutar daji ta Amurka ta bayyana cewa tabar siga tana haddasa dajin baki da maƙogwaro da maƙoshi da huhu, kuma babban kara ɗaya yana iya ƙunsar taba daidai da kwalin sigari guda. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, har da waɗanda ba sa sha, hayaƙin wasu ne ke isa gare su. Ɗan jagora da mai dafa abinci da ke zaune a ɗaki ɗaya da mutum goma sha biyu masu hayaƙi suna cikin wannan lissafi.

Wa ya biya?

Ga ma'aikacin gwamnati, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Kwana uku a keɓe, babu 'yan jarida, babu mai rubuta abin da aka tattauna, dama ce da kamfanoni suka daɗe da sanin darajarta. A watan Janairun 2004, Mai Shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙolin Amurka ya tafi farautar agwagin ruwa a jihar Louisiana tare da Cheney, a cikin jirgin gwamnati da ke ɗauke da mataimakin shugaban, alhali wata shari'a da ta shafi kwamitin makamashi da Cheney ya jagoranta tana gaban kotun. Aka nemi ya janye daga shari'ar, ya ƙi, ya rubuta bayani mai shafi 21 yana kare kansa. Ya ci gaba da zama a shari'ar, amma har yau ana kawo wannan tafiya a duk muhawarar da ta shafi ɗa'ar alƙalai a ƙasar.

Ƙaramin ma'aikaci ba shi da irin wannan kariya. Ƙa'idar ma'aikatan ɓangaren zartarwa na Amurka ta hana karɓar kyauta daga mai hulɗa da ma'aikatarsu idan ta haura dala 20 a lokaci guda, ko dala 50 a shekara daga mutum ɗaya. Kara biyu na taba mai tsada sun isa su tsallake wannan iyaka, balle kujerar jirgi da masauki. Shi ya sa ma'aikatan da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suke biyan kasonsu cif, su kuma ajiye rasiɗi.

Ma'aikacin Najeriya ma yana da tasa iyakar. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati nema ko karɓar wata dukiya ko amfani saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati za a ɗauke ta a matsayin saɓa wa wannan doka, sai in an tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarda da shi shi ne kyautar dangi da abokai gwargwadon yadda al'ada ta sani. Gayyatar farauta a ƙasar waje daga abokin da ke da takarda a kan teburinka ba ta shiga wannan sahu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Idan komai ya tafi daidai, mutum goma sha biyu da suka yi kwana uku za su iya komawa da zakaru 108 in kowa ya cika ƙa'idarsa, ko da yake a filin tsuntsayen daji ba kullum ake cikawa ba. Za a raba naman daidai, har da wanda bai harbo ko ɗaya ba, domin haka al'adar take. Mai shiri zai tattara rasiɗai, ya aika wa kowa lissafin abin da aka kashe da abin da ya rage, ya kira mai gona ya yi masa godiya. Kafin su rabu a filin jirgi, galibi wani zai tambaya ko za a sake baɗi, kuma masaukin ya riga ya faɗa musu ranar da yake son kafin alƙalami.